PGDE zan fara yi ko in nemi karatun koyar da kurame kai tsaye? Don Allah ku ba ni shawara

Ɗan Tudun Wada Gusau ya rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wanga zaure. Shawara nike nema, kuma don Allah wanda ya san abin ya warware mani shi sosai don na tambayi mutum huɗu kowa da abin da yac ce mani har kaina ya ɗaure.

Ni kemistiri na karanta a Ɗanfodiyo Sakkwato, na gama bautar ƙasa shekara biyu ke nan, tun lokacin ina koyarwa wata makarantar kuɗi nan Gusau, SS1 har SS3, wani lokaci in riƙe lissafi in malaminsu bai zo ba. Ba ni da takardar malanta ko ɗaya, ba NCE ba komi, digirin kawai, kuma na san in dai aikin gwamnati nike so sai na yi PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri, na yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. To amma ga inda matsalar take. Ƙanwata da muke ciki ɗaya sankarau ya kama ta a 2017 lokacin da ciwon ya yi ɓarna a jihar nan, Allah ya tashi kafaɗunta amma ta tashi ba ta ji. Yanzu tana gab da shiga SS1, yarinya ce mai kai wallahi, lissafi ba ya ba ta wuya, amma abin da take kuka da shi kullum shi ne malaman da sunka iya maganar hannu ba su san kimiyya ba, waɗanda sunka san kimiyya kuma ba su iya maganar hannu ba. Wata rana ta kawo mani littafinta ta nuna mani zanen atom ta ce in yi mata bayani, na tsaya da biro a hannu ina kallonta tana kallona, abin da nike koya ma yara arba'in kullum na kasa koya ma ƙanwata guda. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Shi ne nike tambaya, in na yi PGDE za a koya mani yadda ake koyar da irinsu? Ko akwai wani satifiket ko lasisi daban da ake ba malaman masu buƙata ta musamman? Wani abokina cewa ya yi sai dai in koma in faro daga NCE a Oyo, ni kuma gaskiya ba ni iya barin aiki da tsohuwa in tafi kudu shekara uku, ni ne babba namiji a gidan. Na gode.

Furinsifal Mai Ritaya, Mafara ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara ma ƙanwarka lafiya, ya saka maka da alheri da wanga tunani, ba kowane yaro ba ne za shi damu haka.

Bari in ɗauki gefen da na sani, na bar ma waɗanda sunka karanta ɗayan fannin su yi nasu. PGDE ita ce ƙofar wanda yay yi digiri ko HND a wani fanni kuma yana son ya zama malami a hukumance. Tsarin ilimi na ƙasa ya aje NCE a matsayin mafi ƙanƙantar takardar da mutum za shi shiga aji da ita, to kai da kake da digirin da ba na ilimi ba, a idon doka har yanzu mai ilimin kemistiri ne kai, ba malami ba, komi daɗewarka da alli. TRCN tun 1993 anka kafa ta, amma da can ba a matsa ba, mu da munka fara aiki ba mu san wata jarabawar lasisi ba. Yanzu kuwa sai ka zauna jarabawarsu a kwamfuta kafin su ba ka satifiket da lasisi. Aji huɗu suke kasa malamai, D masu NCE, C masu digirin ilimi ko digiri haɗe da PGDE, B masu mastas, A masu dakta. Kai C za ka faɗa.

Wurin yi kuma kana da zaɓi. Akwai NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, tun 1976 take, karatun nesa take yi kuma tana da cibiyoyi a jihohi, mafi yawa ƙarshen mako ake haɗuwa don haka ba sai ka aje aikinka ba. Akwai NOUN, buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, akwai kuma jami'ar da ka gama ita ma tana yi. A takarda shekara guda ce, amma ka shirya ma shekara da rabi saboda furojet da jiran sakamako. Ka fara neman transkirif ɗinka tun yanzu ka aje takardar bautar ƙasa kusa, waɗannan biyun su ka tsaida mutane.

Abin da za ka karanta, tarihin ilimi, falsafa, halayyar ɗalibi da yadda yake koyo, tsara manhaja, auna fahimta da yadda ake shirya jarabawa, hanyoyin koyar da darasinka, sai TP, wato gwajin koyarwa cikin aji. Yara da yawa suna raina wannan suna cewa ai mun iya koyarwa, takarda kawai muke so. Ɗana kada ka bi su. Na zauna bayan aji na kalli masu digiri mai daraja ta ɗaya suna cika allo tun daga sama har ƙasa minti arba'in ba su juyo sun tambayi yaro guda ba, kuma su a ganinsu sun koyar. Auna fahimta kaɗai in ka riƙe shi da kyau za ka ga tambayoyin da kake ba yaranka yanzu rabi hadda ce suke aunawa. Kuma in za ka zaɓi cibiya ka tambayi waɗanda sunka gama ko mai duba TP yana zuwa aji da ƙafarshi, don na taɓa ganin inda anka sa hannu a takardar ɗalibi a bakin mota ba a ko shiga makarantar ba, wannan cutar da kai ne ba taimako ba.

Shawarata ka fara da PGDE. Komawa NCE ga mai digiri ɓata shekaru ne, kuma in anka zo ɗauka mai digiri matakin albashi na 8 yake farawa, mai NCE na 7.

Malama Birnin Kebbi ta rubuta:

Baba ya gama magana a kan PGDE, ba ni da abin ƙarawa sai dai in ce ƙanena kada ka sa ran ita za ta magance maka abin da ya hana ka barci. Ni fannin masu buƙata ta musamman na karanta kuma shekara tara ke nan ina cikin aji da kurame, muna karɓar masu PGDE da ake turo mana, wanda ya yi sa'a a cikinsu kwas ɗaya ya yi na gabatarwa, ya san ma'anar nakasar ji da nakasar gani da rabe-rabensu, ya ci jarabawa, amma in ka sa shi gaban yara ko ina kwana ba zai iya ce masu ba. Ba laifinsu ba ne, ba don haka aka tsara karatun ba.

Batun lasisi, TRCN ba ta da wani lasisi daban na malaman masu buƙata ta musamman, lasisin malanta ɗaya ne da ni da mai koyar da jogirafi, abin da ke nuna ƙwarewarka shi ne takardar makarantar da ka yi. Abokinka bai yi ƙarya ba game da Oyo, kwalejin tarayya ce da aka buɗe a 1977 musamman don wannan fanni kuma malaman kurame da makafi da yawa a ƙasar nan can suka fito, amma ba ita kaɗai ba ce. Jami'ar Ibadan tana da sashen, Jami'ar Jos tana da shi, kuma nan kusa da mu BUK Kano tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman har zuwa mastas da sama. To hanyar da nake ganin ta fi maka ita ce PGDE, rajistar TRCN, sannan ka nemi karatun gaba da digiri a fannin. Amma kafin ka sayi fom na ko ina ka je sashen da ƙafarka ko ka aika wani ya tambayo maka ƙa'idarsu ta wannan shekarar game da wanda digirinsa na farko ba na ilimi ba ne, kada ka dogara da abin da aka yi wa wani shekara biyar baya.

Ga dabara ɗaya da nake ba duk wanda ya zo mani da irin maganarka. In lokacin TP ya zo, ka roƙi kodinetan cibiyarku ya tura ka makarantar masu buƙata ta musamman maimakon ka yi a makarantar da kake aiki, wanda shi ne abin da kowa ke yi don sauƙi. Za ka sha wuya sati biyun farko, amma za ka fito da abin da littafi ba ya bayarwa. Furojet ɗinka ma ka yi shi a kan koyar da kimiyya ga ɗalibai kurame a sakandare, ranar da za ka nemi mastas shi ne zai yi maka magana.

Kuma ka san cewa doka tana bayanka. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce ilimi kyauta ne gare su har ƙarshen sakandare, ta ce makarantun gwamnati su zama masu karɓar kowa kuma kowace ta kasance tana da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da su, ta ce a sa rubutun makafi da maganar hannu cikin manhaja. Ka duba makarantun da ka sani a garinku ka ƙirga nawa ne ke da wannan mutum ɗayan. Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne matakin SS, a firamare malami ɗaya mai hannu yana iya riƙe aji duka, amma daga SS1 kowane darasi da gwaninsa, sai ka ga yaro mai son zama likita ko injiniya an tura shi ajin adabi ba don kansa bai ja ba sai don babu mai koya masa fiziks da hannu. WAEC da NECO kuma takarda ɗaya za su ba shi da ta kowa. Saboda haka don Allah kada ka yar da kemistirinka ka ce ka koma wani fanni, mu malaman hannu muna da su, mai kemistiri da hannu ne muke nema da fitila.

Kurman Kaura ya rubuta:

Salam. Ni kurma ne, ina aji biyar na firamare na rasa ji, shi ya sa nake iya rubuta Hausa haka, yawancin abokaina da aka haifa kurame Hausar rubutu tana masu wuya. Na karanta maganar malam na ji daɗi ƙwarai, na tuna yayana.

Malam gaskiya zan faɗa maka. Takarda ka yi, amma hannu ba a makaranta za ka iya shi ba, wurinmu za ka iya. Na ga masu digiri a fannin nan da hannunsu ba ya tafiya, suna yin harafi ɗaya ɗaya kamar mai ƙirga kuɗi, kafin su gama jimla yaro ya manta farkonta. Malamarka ta farko tana gidanku, ƙanwarka ce. Ka ce mata daga yau in kuna tare ba rubutu a waya ba takarda, hannu kawai, ko minti talatin bayan isha'i. Kuma ƙungiyar kurame tana da mutane a kowace jiha, ka nemi inda suke zama da yamma ka je ka zauna, za su yi maka dariya farko in ka yi kuskure amma za su gyara maka da zuciya ɗaya, mu muna son mai ji da ya zo koyo.

Ka sani kuma hannu iri biyu ne a wurinmu. Akwai maganar hannu ta Hausawa da kurame ke yi a kasuwa da ƙauye tun kaka da kakanni, akwai kuma ta makaranta wadda asalinta daga Amurka ne, wani kurma baƙar fata Andrew Foster shi ya kawo ta da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, ta yaɗu ta zama ta Najeriya da nata canje-canje. Ta makaranta da Turanci take tafiya. To ka duba wahalar yaro, a gida hannun Hausa, a makaranta wani hannun, littafi kuma da Turancin da bai taɓa jin sautinsa ba. Shi ya sa in ka ga rubutun Turancin kurma a karkace kada ka ce daƙiƙi ne, harshe na uku yake fama da shi.

Abin da malamai suka riƙa yi mana da ya cutar da mu, malami ya juya baya yana rubutu a allo yana magana, mu ba mu san ma yana magana ba. Ko ya tsaya jikin taga haske a bayansa ba mu ganin fuskarsa. Ko ya ce mu kwafi rubutu yana bayani lokaci ɗaya, ido biyu ne amma wuri ɗaya suke kallo, in ina kallon littafi ba na ganin hannunka. Ko ya yi ta ɗaga murya, ihu ba ya ƙara komai sai ɓata siffar baki. Karanta leɓe kuma ba kamar yadda mutane ke zato ba ne, rabi cinta ce. Ka rubuta, ka juyo, ka jira mu ɗago, sannan ka yi bayani.

Kemistiri kuma kalmomi da yawa ba mu da alamarsu da kowa ya sani, za ka rubuta kalmar da yatsu sau ɗaya sannan kai da yaran ku yarda da alama guda ku riƙe ta. Amma darasinka yana da daɗi ga kurma in ka kawo abin a gani, ruwa ya canja kala, ƙarfe ya yi tsatsa, toka da ruwan tsami, mu da ido muke koyo. Wata rana ɗaya da aka kai mu ɗakin gwaji har yau ban manta ba.

Abu Gummi ya rubuta:

Ni dai abin da zan ce mashi ya yi don Allah da ƙanwarshi amma kada ya sa ran aiki na jiranshi ranar da ya gama. Na yi N-Power ina karɓar dubu 30, na yi PGDE, na ci TRCN, shekara ta uku ke nan ina jiran a buɗe ɗauka. Ba ina kashe mashi gwiwa ba ne, so nike ya riƙe makarantar kuɗin nan da kyau kada ya saki reshe ya kama ganye. Kuma in Kano za shi riƙa zuwa mastas ya sa kuɗin mota da halin hanya cikin lissafi, kowa ya san yadda hanyar Tsafe zuwa Funtuwa take in yamma ta yi.

Uwar Ɗalibai Anka ta rubuta:

Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa magana ba sai yau. Kowa ya yi maganar kurame da makafi, ni ina son in tuna muku da waɗanda ba a gani. Mu nan yankin Anka da Bukkuyum mu munka ga gubar dalma ta 2010, lokacin da ake kawo duwatsun zinari cikin gida ana daka ana niƙa, ƙura ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe, Dareta, Yargalma, daga baya Bagega, yara wajen 400 sunka rasu kafin likitocin MSF su shawo kan abin. Waɗanda sunka rayu fa? Dalma ƙwaƙwalwa take taɓawa kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa duka. Yaran da ke goye a lokacin su ne shekarun sakandare yanzu. Ina da su cikin aji, yaro lafiyayye a ido, mai ladabi, ka koya mashi abu yau gobe kamar ba a yi ba, ko ba ya iya zama wuri ɗaya, malamai su ce taurin kai ne a sa bulala, iyaye su ce aljanu ne, daga ƙarshe ya bar makaranta ya koma ramin da ya jawo mashi abin tun farko. Ban ce kowane yaro mai jinkiri dalma ce ba, ni ba likita ba ce, amma na san da yawanmu ba a koya muna ko yadda za mu lura ba.

Ni NCE na yi a Maru sannan digiri, sai da wata 'yar'uwa da ta karanta fannin ta nuna mani ƙananan abubuwa, in rarraba aiki gutsi-gutsi, in maimaita da abin da yaro za ya taɓa da hannu, in zaunar da shi gaba, in tambaye shi da baki in rubutu ya gagara. Wata yarinya ma da munka ɗauka ba ta da ƙoƙari ashe allo ne ba ta gani, tabarau kawai take buƙata, shekara biyu tana baya tana kwafar na maƙwabciyarta. Don haka ƙanena ko ba ka samu makarantar kurame ba karatun ba za ya tashi banza ba, a ajin da kake yanzu ma in ka duba da kyau akwai su.

Ɗan Tudun Wada Gusau ya rubuta:

Wallahi ban san da bakin da zan gode muku ba, Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, Anti ta Birnin Kebbi da Anti ta Anka Allah ya saka, Abu na ji kuma ba ni sakin aikin, Allah ya kawo maka naka. Ɗan'uwana na Kaura na nuna ma ƙanwata abin da ka rubuta, da ta zo wurin malami ya juya baya yana magana sai ta riƙa buga mani kafaɗa tana nuna wayar tana nuna kanta. Jiya munka fara bayan isha'i, ta koya mani harufa da alamar ruwa da wuta da gishiri, ta ce hannuna ya yi tauri in sassauta. Tsohuwa ma ta zo ta zauna tana kallo.

Litinin in sha Allahu zan shiga Sakkwato neman transkirif. Anti tambaya ɗaya ta rage, in na fara PGDE ɗin nan da wata biyu ko uku, kina ganin hannuna za ya kai in tsaya gaban aji lokacin TP ko in nemi a haɗa ni da tafinta?

Malama Birnin Kebbi ta rubuta:

In ka riƙe zaman isha'in nan kullum kuma kana zuwa wurin manyan kurame ko sau ɗaya a sati, kafin TP za ka iya gaisuwa da tambaya da ba da umarni a aji, amma bayanin darasi cikakke tukuna. Ka nemi malamin ajin ya tsaya gefenka satin farko da na biyu, kuma kowane darasi ka fara gwada shi a kan ƙanwarka a gida kafin ka kai shi makaranta, inda ta ɗaure fuska nan za ka gyara. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa zana alamomin kemistirin da kuka yarda da su kai da ita, in ya yi kauri ka ɗauko hoto ka turo mani ina da yara biyar a SS1 da za su amfana.